A Yi Wa Waya Zaure

A lokacin saran rake da ya wuce, wani ɗan ƙanwata da ke lodin mota a kasuwar Makarfi ya zo gidana bayan sallar isha'i, ya durƙusa a zaure ya kasa ɗaga kai. Naira dubu goma sha biyar ya ranta a wata manhajar bashi ta waya, zai cika kuɗin takin tumatirinsa na rani. Kwana bakwai suka ba shi, ya ƙara uku bai biya ba. Washegari saƙo ya shiga wayar duk wanda lambarsa ke cikin tasa: ubangidansa, limamin unguwarsu, har da mahaifin yarinyar da yake nema. Ga hotonsa, ga rubutu a ƙasa cewa ɓarawo ne ana nemansa.

"Kawu," ya ce, "wallahi ban ba su lambar kowa ba."

Na karɓi wayar na duba. Ya ba su, sai dai bai san ya ba su ba. Ranar da ya sauke manhajar ta jero masa tambayoyi da Turanci, shi kuma hankalinsa na kan kuɗin, duk inda ya ga kalmar Allow sai ya danna. Da dannawa huɗu ya miƙa lambobin mutane, da hotuna, da saƙonni, da inda yake kwana.

Tun daga daren nan nake tunanin zauren da muka zauna a ciki. Bahaushe ba ya gina gida babu zaure. Baƙo ya tsaya daga waje ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, ya tafi bai ga tsakar gida ba. A jikin ƙofa ma ana rubuta "Ba a shiga". Addini ya ƙarfafa wannan, don Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin a shiga gidan da ba naka ba. Amma wayar da ke aljihunmu, wadda ta san cinikinmu da bashinmu da hotunan iyalinmu da muryoyin matanmu, mun bar ta kango, kowa ya zo ya wuce har ɗaka. Shawarata ta yau ita ce a gina mata zaure, kuma aikin bai fi na yamma ɗaya ba.

Kafin in fara, bari in cire wa mai karatu wani nauyi. In ka taɓa danna abin da ba ka gane ba, ba wauta ce ta sa ba. Haka aka tsara abin. Maɓallin amincewa ana yin sa babba, mai launi, daidai inda babban yatsa ke sauka. Na ƙin amincewa a yi shi ƙarami, toka-toka, a kusurwa. Sharuɗɗan kuwa shafi ne bayan shafi na Turancin lauyoyi, wanda ko malamin jami'a ba ya karantawa. Ɗalibar Kwalejin Shehu Idris da ke son duba wani bayani na karatunta sai ta rufe talla uku kafin ta ga layi ɗaya, ta huɗun kuma ta jefa ta shafin caca. Waɗanda suka ƙera waɗannan abubuwa albashi ake biyan su don su sa ka danna. Dillali a kasuwar hatsi yana karɓar la'adarsa a gabanka, ka san nawa ce, in ta yi yawa ku yi ciniki. La'adar manhajar kyauta a ɓoye take, kuma bayananka ne da lokacinka da datarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, a fara da mabuɗin gidan. Yawancin mutanenmu da suka sayi waya, Tecno ce ko Infinix ko itel, a shago ake "haɗa" musu ita. Yaron shagon ya buɗe asusun Google, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa a matsayin ta dawo da asusu, ya miƙo waya an gama. Mai wayar bai san sunan asusun ba balle sirrinsa. Wannan asusu kuwa shi ne ke riƙe da lambobin mutanenka, da hotunanka in kana ajiye su a can, kuma ta hanyarsa ake iya gano inda wayar take ko a goge ta daga nesa. Ba na cewa yaran shago maciya amana ne. Da yawansu taimako suke yi, kuma sun ma manta da abin da suka sa. Sai dai mabuɗin gidanka bai dace ya kwana a aljihun wani ba, ko da ɗan kirki ne. Shiga saitin waya, ka nemo sunan asusun, ka canza kalmar sirrin, ka tabbatar lambar dawo da asusu taka ce. In ba za ka iya ba, ka zauna da ɗanka ko ƙaninka ya yi a gabanka, amma kai za ka zaɓi sirrin. Kada ya zama lambar wayarka ko shekarar haihuwarka. Haɗa kalmomi uku ko huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka ƙara lamba, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona. Takardar da ke cikin akwatinka ta fi ƙwaƙwalwar da za ta manta, kuma ɗan damfarar da ke wani gari ba zai iya buɗe akwatin ba.

Mabuɗi na biyu ya fi na farko haɗari, kuma shi aka fi sakaci da shi: layin waya. Ɓarawon waya a yau ba wayar ce kaɗai ke gabansa ba. Zai cire layin ya sa a wata ƙaramar waya, ya danna *565*0# lambar BVN ɗinka ta fito, ya danna *346# ya nemi lambar NIN, saƙonnin banki su nuna masa inda kake ajiya, sauran aikin ya zo masa da sauƙi. Kulle fuskar waya da zane ko yatsa ba ya hana wannan, tunda layin ya bar wayar. Abin da ke hanawa shi ne a sa wa layin kansa lambar sirri. A cikin saiti, ɓangaren tsaro, akwai wurin kulle layi. Zai tambaye ka lambar asali da kamfani ya sa. Ka tambayi ofishin kamfanin layinka ko ka kira 300 su faɗa maka, kada ka yi ta cinta, don kuskure uku yana rufe layin sai an sa lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo layin. In an shiga, ka canza zuwa taka. Daga ranar, duk wayar da aka sa layin sai ta nemi wannan lamba.

Akwai kuma matsalar da na fi gani a wajen mata da dattawa. Tun da gwamnati ta fara tilasta haɗa layi da NIN a Disambar 2020, an samu layuka da yawa da aka haɗa da lambar miji, ko ta ɗa, ko ta wani maƙwabci da ya riga ya yi rajista. A lokacin gaggawa aka yi don kada a rufe layi. Amma ranar da layin ya ɓace, kamfani ba zai dawo da shi ba sai ga wanda sunansa ke kai. In aure ya mutu, ko mai sunan ya rasu, ko ya tafi ci-rani Legas, shi ke nan, layin da asusun banki ke kansa ya zama na wani. Yaya, Inna, Hajiya: a danna *996# a duba, in ba sunanki ne ba, a daure a je ofis a gyara tun kuna shiri da mai sunan. Haka kuma layin da aka jefar aka daina amfani da shi, bayan wasu watanni kamfani na iya sayar da lambar ga wani. In asusunka na banki ko WhatsApp ɗinka na kan tsohuwar lamba, sabon mai ita ne zai riƙa samun alat ɗinka. Kafin ka yar da layi, ka je banki ka sauya lamba.

Yanzu sai zauren kansa. Kowace manhaja da ke wayarka baƙo ce, kuma kowace tana da abin da ya kawo ta. Ka shiga saiti, ka nemi wurin da aka rubuta Permissions, za ka ga jerin ɗakunan gidanka: lambobin mutane, saƙonni, kyamara, makirfo, hotuna, wurin da kake. Ka buɗe kowane ɗaki ka ga su wa ke ciki. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowa: me ya kawo ka nan? WhatsApp na buƙatar makirfo don saƙon murya, wannan a fili yake. Manhajar lokutan salla na iya neman sanin gari, ko da yake kana iya rubuta mata Makarfi ko Zariya da hannu ka hutar da ita. Amma tocila me za ta yi da lambobin mutanenka? Wasan yara me ya haɗa shi da saƙonnin bankinka? Duk wanda ba shi da amsa, a kore shi. In ta ce ba za ta yi aiki ba sai an ba ta, a goge ta; akwai irinta goma.

A kan manhajojin bashi ina da zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Ban da kuɗin ruwan da ke cikinsu, wanda malamanmu sun gama magana a kansa, jinginar da suke karɓa mutuncinka ne. Hukumomi sun san da su. A 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda irin wannan tozarci, a Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, sannan daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobin mutane da hotuna. Shi ya sa miyagun cikinsu suka koma zagaye: a turo maka mahaɗi ta saƙo, ko aboki ya tura maka ta Xender. Wadda ta kama ɗan ƙanwata ta haka ta shigo. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, manhajar da ta shafi kuɗi, in ba daga Play Store ta fito ba, kada ta kwana a wayarka. In kuma an riga an faɗa, ka ɗauki hoton saƙonnin barazanar, ka cire mata izini, ka biya abin da ka ci don bashi bashi ne, ka kai ƙara FCCPC. Sannan ka riga su zuwa wajen mutanen da kake jin kunya. Ni na raka yaron nan wurin surukinsa da safe, muka yi bayani baki da baki, dattijon ya saurara ya ce Allah ya kyauta, ya kuma yi masa faɗan da ya dace. Adashe da rancen ɗan'uwa suna da nasu ciwon kai, amma ba su taɓa aika hoton mutum ga limami ba.

WhatsApp shi ne kasuwarmu ta biyu. Ta nan ake tura hoton buhunan masara, ta nan direban da ya ɗauki rake zuwa Kano ke cewa ya sauka lafiya, ta nan ake sanar da ɗaurin aure da jana'iza. Don haka ake sace shi. Salon da aka fi yi sananne ne: a kira ka da sallama da ladabi, a ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ne ko ta manoma, za a yi taro ta waya da daddare, an turo maka lamba shida ka karanto don a sa sunanka. Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana karantowa an fitar da kai, sai a fara bin abokanka da sunanka ana neman rancen gaggawa. Babu taro, babu tallafi, babu banki da zai nemi ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka. Maganin kuma minti biyu ne: a saitin WhatsApp, ƙarƙashin Account, a kunna Two-step verification, ka sa lamba shida taka ta kanka. Ko sun sami waccan, wannan za ta tare su. Kana nan kuma ka leƙa Linked devices. In ka ga wata kwamfuta ko waya da ba ka sani ba, wani na karanta hirarka, ka fitar da ita. A ɓangaren Privacy ka mayar da hoton fuska da shigarwa cikin guruf su zama na waɗanda ke cikin lambobinka kawai. 'Yan mata musamman su kula da wannan. Kuma duk wanda zai kai waya gyara, ya cire layi da memori, ya tsaya a kai in zai yiwu. Hotuna da yawa da suka raba aure daga teburin gyara suka fita.

Batun data kuwa, kowa kuka yake: "na sa jiya, yau babu." Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025 kukan ya ƙaru. Wani ɓangare na laifin yana cikin wayar. Bidiyo a Facebook yana kunna kansa ba ka nema ba. WhatsApp na iya sauke kowane hoto da bidiyo na kowane guruf, har wa'azin da aka turo maka sau biyar. Play Store na iya sabunta manhajoji da kansa. A kashe ukun nan a saitin kowannensu, a kunna Data saver a saitin waya, a koma Facebook Lite in wayar ƙarama ce. Manhajojin da suka zo da wayar tun daga kamfani, masu cillo labaran banza da hotunan da dattijo ba zai so jikansa ya gani ba, a danne sanarwar a riƙe, za a ga inda ake kashe ta. In kuma katinka ne ke zurarewa, danna *305# ka ga ko an maƙala maka wani abu da ba ka nema ba, ka tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla. In kamfanin layi ya ƙi sauraronka, lambar koke ta NCC ita ce 622, kyauta ce.

Sai dai kada in yaudare ka. Duk wannan gyara yana tare ƙananan ɓarayi ne da masu kwaɗayi. Mai gidan hayar da muke ciki yana nan. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfani ɗaya ne, Meta, da ke Amurka. Ya sayi WhatsApp tun 2014. Gaskiya ne cewa saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kamfanin ya san lambarka, da irin wayarka, da waɗanda kake hulɗa da su, da lokutan da kake yi. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, bayan bincike na shekaru, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba da kuma ba su kariyar da ba ta kai wadda ake ba mutanen wasu ƙasashe ba. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai, don ya nuna cewa sirrin mai sayar da mazarƙwaila a Hunkuyi yana da daraja a idon doka kamar na Bajamushe. Akwai kuma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani me ya tara a kanka, da neman ya goge, da janye yardar da ka bayar. Mutanenmu kaɗan ne suka san da ita. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ɗalibai su san da ita, don ƙorafin mutum ɗaya daga ƙauye yakan ɓace, na ƙungiya kuwa ana jin sa.

Duk da haka, kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya kusan awa shida. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, daga baya a wasu ƙananan hukumomin Katsina da na nan Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, turansifa ta riƙa maƙalewa. Kuma kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mai kwandon tumatir a Ikara ke tsaye da kaya masu ruɓewa yana jiran alat. Ko kamfani, ko gwamnati, ko teku, akwai ranar da za a rufe maka ƙofa ba a yi shawara da kai ba. Shafin da ka tara mabiya dubu ashirin ana iya rufe shi da safe, kuma babu ofishi a Zariya ko Kaduna da za ka je ka yi sallama.

Saboda haka ɗan kasuwa ya koma ga littafi. Ba ina nufin ya bar waya ba. Ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya rubuta sunaye da lambobin abokan cinikinsa, da direbobi, da dillalai, da wanda yake bi da wanda ke bin sa. Kuɗin juyawa kada su taru a manhaja ɗaya. A raba, wasu a banki, wasu a hannu gwargwadon aminci. Hotunan takardun gona da na makarantar yara a wanke su a takarda.

A shafin farko na littafin nan ka rubuta abin da za ka yi ranar da waya ta ɓace, don a ranar hankali ba ya jiki. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu. Ka tambayi bankinka tun yanzu ka rubuta ta, tare da lambar asusun. Ita ce ta farko, ka ari wayar na kusa da kai ka rufe. Ta biyu, ka kira kamfanin layi su toshe layin. Ta uku, ka sa wani ya sanar a guruf-guruf cewa duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi da sunanka kada ya tura. Sannan ka ɗauki takardar NIN da katin layin ka nufi ofis a dawo maka da lambarka. Tana dawowa ka shiga WhatsApp a wata wayar, na hannun ɓarawo zai fita da kansa. A ƙasan shafin ka kwafe lambar IMEI ta wayar, wadda ke jikin kwali ko take fitowa in an danna *#06#, don ita 'yan sanda za su fara tambayarka.